Darasi na 14: Littafin 'Yan Badujala

A fadar Daura kiɗa da busa gado ne. Mai busa kakaki a gidansu ya buɗe ido ya tarar ana busawa, tun bai kai ya ɗaga kakakin ba yake bin babansa da kaya, ranar Hawan Sallah, ranar Hawan Magajiya, ranar Gani. Kafin gemu ya fito masa ya san inda ake tsayawa, ya san lokacin busa da lokacin shiru, ya san tambari na sarki ne shi kaɗai. Ba wanda ya rubuta masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma lokaci yana tare da shi: Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Mai Martaba Umar Faruk Umar. Sarakuna uku ke nan a fiye da shekara ɗari. Makaɗi yana iya tsufa a ƙofar sarki guda, ya koya wa ɗansa, ya koya wa jikansa.

To 'yan badujalar makaranta ba su da wannan gata. Wanda ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 don neman ƙaramar difloma, shekara biyu ce tasa. Mai neman takardar shaidar malanta ta NCE shekara uku. Ɗan jami'a huɗu ko biyar. Yaro ya shekara yana koyon begila, shekara ta biyu bakinsa ya nuna, jama'a su fara cewa wane ne wannan, sai a ji ya gama ya tafi. In ka dawo bayan shekara uku ko huɗu da wuya ka tarar da fuskar da ka sani a cikin sahu. Ganguna ne kawai ke nan, su ma in an yi sa'a.

Saboda haka abin da gado yake yi wa makaɗan fada, a makaranta littafi ne zai yi shi, in kuwa babu littafi babu mai yi. Wannan darasi a kan littafin ne da mai riƙe shi, wato magatakarda. Da yawa daga cikinku kuna cikin 'yan agaji, ko 'yan sikawut, ko ƙungiyar iyaye da malamai, wasu ma masu gadi ne ko masu kula da sito a makarantu. Duk abin da za a faɗa nan ya shafi kowace ƙungiya da take da kaya, take da mutane masu shigowa suna fita.

Wane irin littafi?

A sayi babban littafi mai kwalin bango, irin na rajista, ba na ɗinkin waya da ke zubar da ganye ba. Ranar da aka sayo shi a zauna a sa wa kowane shafi lamba daga farko har ƙarshe, malamin da ke kula da ƙungiya ya rubuta yawan shafukan a shafin farko ya sa hannu. Daga nan ba a yage ganye. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da aka soke, a rubuta daidai a gefe. Da biro ake rubutu, ban da fensir. Mazaunin littafi kuma ofishin makaranta ne, ba ƙarƙashin katifar magatakarda ba.

Wani zai ce, ai yanzu zamanin waya ne. Gaskiya ne, kuma waya tana da amfani: ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafukan da aka cika a tura wa malami, don ko ruwa ya ci littafin ko gara. Amma waya ta mutum ɗaya ce. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita a biya kuɗin makaranta, ko mai ita ya tafi bautar ƙasa wata jiha da tarihin ƙungiyar gaba ɗaya a aljihunsa. A ganina duk ƙungiyar da ta dogara da wayar shugabanta kaɗai ba ta fara ajiye bayani ba tukuna.

Kaya

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma ake yin rigima. Kayan badujala ba su da wuyar lissafi: babbar ganga, ƙananan ganguna masu waya a ƙasa, begila da sauran kayan busa na tagulla, farantan ƙarfe da ake gwarawa, sandar jagora, sandunan kiɗa, maɗaurin rataya ganga, sai inifam da hula da bel. Kowane ɗaya a ba shi lamba, a rubuta ta a jikinsa da fenti. Ganga ba lamba kamar tunkiya ce ba shaida a cikin garken gari, duk wanda ya ce tasa ce sai dai a yi ta rantsuwa. Yawancin kayan busa na tagulla suna zuwa da lambar kamfani da aka buga a jikin ƙarfen. A nemo ta a kwafe a littafi, domin fenti yana kankaruwa, ita ba ta goguwa cikin sauƙi.

Ga misalin yadda layi ɗaya zai kasance:

Ƙaramar ganga, lamba 3. Fatar sama lafiya, wayar ƙasa ɗaya ta tsinke. Maɗauri yana nan. Tana hannun Wane, aji ɗaya.

Ku lura ba a ce "tana da ɗan matsala" ba. An faɗi abin da ya lalace. Wanda zai karanta bayan shekara biyu bai san ku ba, ba zai kuma same ku ya tambaya ba.

Ƙananan abubuwa sun fi ɓata. Ba a cika sace babbar ganga ba, ina za a kai ta? Amma bakin begila, wannan ɗan ƙarfen da ake cirewa, yana shiga aljihu ya tafi hutu bai dawo ba, begila kuwa ba baki ƙarfe ce kawai. A ƙirga bakuna daban, a ƙirga sanduna daban, bayan kowace fita. Kowane mai busa ya riƙe baki ɗaya da aka rubuta da sunansa, a riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. Yawo da baki ɗaya tsakanin mutum biyar hanya ce ta raba mura da ciwon baki.

Sai aro. In ka bi diddigin kayan ƙungiya da suka salwanta, mafi yawa ba ɓarawo ya fasa sito ba, aro aka ce. Wata makaranta tana da wasannin gidaje, wata Islamiyya tana da walima, wani babba yana da taro. Ba laifi ba ne a taimaka, zaman tare ya gaji haka. Sai dai mutum ɗaya ke da ikon ba da aro, shi ne malami mai kula, kuma ba abin da zai ƙetare ƙofar sito sai an rubuta lambarsa, da halin da ya fita, da ranar dawowa, mai karɓa ya sa hannu. Wahalar ita ce magatakarda yaro ne, mai aron kuwa sau da yawa sa'an babansa ne. Ga yadda za a bi:

"Baba, don Allah a ɗan sa mini hannu a nan."

"Haba ɗan nan, ni ne ba ka yarda da ni ba?"

"Wane ni, Baba. Malam ne zai duba littafi gobe, in ya ga gurbi ni zai kama."

Dattijo ba ya ƙin wannan. An bar masa girmansa, an kuma sami sa hannu.

Yanayin ƙasarmu shi ma yana cin kaya. Da hunturu iska ta bushe, fatar dabba takan ɗaure har ta tsage, ƙura kuma ta shiga maɓallan kayan busa su cije. Da damina fata takan saki, sauti ya mutu, inifam ya yi fumfuna in an ninke shi da danshi. Gangar da aka sa wa fatar roba ba ruwanta da danshi, amma kada a bar ta a rana ko a cikin mota a rufe da bazara. Ɓera yana son fata da maɗauri, gara tana son katako da takarda, don haka ba a ajiye komai a ƙasa, a kan kanta ake jerawa. Duk gyaran da aka yi a rubuta: me aka gyara, wa ya gyara, nawa aka biya. Sunan mai gyara dukiya ce. In an sami baduku da ya iya ɗinka maɗauri, ko mai ɗaurin ganga da hannunsa ya faɗa, a rubuta unguwarsa, a rubuta ko a Daura aka samu fatar, ko Mai'adua, ko sai da aka je Kano. Gargaɗi ɗaya da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a bangon littafi: ba a kai begilar da ta tsage wurin mai waldar ƙofa. Tagullar siririya ce, wutar za ta huda ta. Liƙi da dalma ake yi mata.

Ranaku

Ƙungiyar badujala tana rayuwa ne da kalanda biyu. Akwai ranakun gwamnati da ke zaune wuri ɗaya: Ranar Yara 27 ga Mayu, ranar 'yancin kai 1 ga Oktoba, sai bukukuwan makaranta kamar rantsar da sababbin ɗalibai da yaye tsofaffi. Akwai kuma na Musulunci da ke matsowa, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11. A 2018 da 2019 Ranar Yara a cikin azumi ta faɗo. Wanda ya taɓa busa begila da ƙishirwa a ranar Mayu ya san abin da wannan ke nufi. Magatakarda mai hankali tun farkon zango yake ɗora kalandar nan kan waccan, ya ga inda suka yi karo, ya sanar da malami a sake lokacin atisaye, a mai da shi da sanyin safiya, a rage tsawonsa.

Ko ranakun gwamnatin ma sukan tashi. Ranar dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce tun dawowar mulkin farar hula, sai marigayi Muhammadu Buhari ya mai da ita 12 ga Yuni a 2018. Kada a kwafe kalandar bara ido rufe.

1 ga Oktoba ita ce mai kama mutane ba shiri. Ana dawowa daga dogon hutu, gwanaye sun gama sun tafi, sababbi ba su san hagu da dama a maci ba, ga 'yan makonni kawai. Maganin wannan tun kafin a tafi hutu ake haɗa shi: a rubuta wa zai maye gurbin wa, a fara ba shi kayan yana taɓawa.

Lokacin atisaye kuma a dubi maƙwabta. Ba a kiɗa ana kiran salla, ba a kiɗa kusa da ajin da ake jarrabawa, in an yi rasuwa a unguwar da ke jikin katanga a ɗaga. Ƙungiyar da ta ɓata da liman da mai unguwa ba ta daɗewa.

Sanarwa

Je ka allon sanarwa na kowace makaranta, da wuya ka rasa takarda irin wannan: "Gobe akwai atisaye, kowa ya zo da wuri." Wace goben? Takardar tana nan manne tun makon jiya. Da wuri ƙarfe nawa? A ina? Wa ya rubuta? Sanarwar kirki gajera ce amma ba ta barin tambaya:

Atisayen fareti. Laraba, ga kwanan wata, ƙarfe 4:30 na yamma bayan la'asar, a filin ƙwallo. A zo da takalmin maci, ban da inifam. Daga magatakarda, da izinin Malam.

Baki ɗaya ke sanarwa. In jagora ya faɗi lokaci, mai babbar ganga ya faɗi wani, rabin mutane za su zo ƙarfe huɗu rabi ƙarfe biyar, kowa kuma da gaskiyarsa. In abu ya canza, a cire tsohuwar takarda kafin a manna sabuwa. Kwafin kowace sanarwa da kowace takardar gayyata da ta shigo a soke ta a fayil.

Kiɗan kansa

A ranar 29 ga Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na 1960. Wanda aka ajiye, tun 1978 ake amfani da shi, kuma ɗan badujala ne ya tsara kiɗansa, Benedict Odiase, shugaban makaɗan 'yan sandan Nijeriya. Shekara 46 aka yi ba a buga taken 1960 a filin fareti. Waɗanda suka rera shi a firamare sun zama kakanni. Dare ɗaya kowace ƙungiyar badujala a ƙasar nan ta wayi gari da taken da babu ɗalibi ko ɗaya a sahu da aka haifa lokacin da ake yin sa. Mai rubutaccen kiɗa a fayil ya zaro ya karkaɗe ƙura. Wanda ba shi da shi sai bin rediyo da waya yana lalube.

Yawancin yaranmu da kunne suke koyo, ba laifi kuma, haka makaɗan fada ma suke koya. Amma kunnen makaranta ba ya daɗewa a wuri. Don haka a ware shafuka a jera sunan kowane kiɗa da ƙungiya ta iya, da lokacin da ake yin sa: na shigowa fili, na maci a hankali, na maci da sauri, na gaisuwa ga babban baƙo. A gaban kowanne a rubuta waɗanda suka iya. Duk kiɗan da ka ga suna ɗaya ne a gabansa, kuma mai sunan yana ajin ƙarshe, to ya kama hanyar mutuwa. A zaunar da shi ya koya wa biyu. A kuma ɗauki sautinsa, mai begila shi kaɗai, mai ganga shi kaɗai, domin in aka ɗauka a haɗe mai koyo ba ya iya tsince nasa. A zuba a katin ajiya a sa a ambulan, a rubuta abin da ke ciki a bayan ambulan.

Mutane

Rajistar 'yan ƙungiya ta ƙunshi suna, aji, abin da mutum yake kaɗawa ko busawa, shekarar shiga da ta fita, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru a hanya. Waɗannan amana ce. Ba a ba ɗan siyasa lambobin, ba a ba saurayin da ya ga wata a fareti. Tun watan Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka kowa ya san abin da zai biyo baya in hoton 'yar mutane ya fara yawo a wayoyi ba da sanin gidansu ba. A tambayi mutum kafin a yaɗa hotonsa. In bai kai shekara 18 ba, iyayensa za a tambaya.

Hoton da aka ajiye don tarihi kuma a rubuta masa rana da wuri da sunayen mutane daga hagu zuwa dama. Gidaje nawa ne a garin nan ke da tsohon hoto baƙi da fari a bango, an san mutum ɗaya a ciki, sauran tara sai dai a ce abokansa ne? Ita kanta sarautar Daura, duk da ƙarfin gadonta, ta amfana da alƙalami: abubuwa da dama da dattawa suka faɗa wa wani mai bincike, M. G. Smith, suna nan a littafinsa da ya fito a 1978, masu faɗar kuwa sun daɗe da komawa ga Allah.

Dokokin ƙungiya su ma a rubuce suke zama, musamman abin da ya shafi horo. Inda ake maci ana son a kwaikwayi soja, manya sukan ga dama ce ta gasa wa sababbi aya a hannu. A Amurka, inda jami'o'i ke da badujala ta mutum ɗaruruwa, ƙungiyar Jami'ar Florida A&M ta yi suna har aka gayyace ta faretin Paris a 1989. A 2011 wasu 'yan ƙungiyar suka lakaɗa wa ɗaya daga cikin jagororinsu duka a cikin mota da sunan al'adar ƙungiya, ya mutu. Aka dakatar da su, ba su koma fili ba sai 2013. A rubuta ƙarara: wanda ya makara ga hukuncinsa, wanda ya ɓatar da kaya ga nasa, malami ne ke yankewa, ba kuma ɗalibin da ke da ikon taɓa jikin ɗan uwansa.

Kuɗi aikin ma'aji ne, littafinsa daban. Abin da ya shafi magatakarda kawai shi ne, duk tukwicin da aka bayar a wurin taro a faɗe shi a gaban kowa a ranar, a rubuta.

Miƙa aiki

Duk abin da aka faɗa a baya yana iya rushewa a mako guda, makon da magatakarda ya gama jarrabawar ƙarshe ya hau mota da makullin sito a aljihu. Ba mugunta ba ce, hankalinsa ya riga ya yi gida. Shi ya sa ba a jira ranar ƙarshe. Wata guda kafin jarrabawa ake miƙawa, kuma wanda zai karɓa tun farkon shekara yake mataimaki, daga ajin ƙasa, yana ganin yadda ake yi.

Ranar miƙawa mutum uku ne a sito: mai barin gado, mai karɓa, da malami. A fito da kaya duka tsakar ɗaki. Mai karɓa ya riƙe littafi yana kiran lamba, mai bayarwa yana ɗagowa ana gani. Ba a yarda da "tana wurin wane, zai kawo". In ba ta cikin ɗakin, a rubuta ba ta nan, a rubuta wurin wanda take. A buga kowace ganga, a busa kowace begila. Sannan mai tafiya ya cika shafi ɗaya da abin da ba ya cikin lissafi: wane ofis ake kai takardar neman mota da kwana nawa kafin tafiya, wane alkawari aka ɗauka ba a cika ba, wa ake bi bashi, wa ke bin ƙungiya. Su uku su sa hannu da kwanan wata, a miƙa makulli a gaban malami. Makarantar da ta ga dama tana iya ƙin sa wa ɗalibi hannu a takardar sallama sai ya kawo shaidar cewa ba kayan badujala a hannunsa, kamar yadda ake yi da littattafan laburare.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi ƙungiyar da ɗayanku yake ciki, ya ja layuka a takarda ya rubuta kayanta guda biyar yadda aka nuna a misalin ƙaramar ganga, da lamba da hali da wanda ke riƙe da su. Bayan haka ku gyara wannan sanarwa ta zama cikakkiya: "Jibi za mu fita, kowa ya shirya." In lokaci ya rage, mutum biyu su tashi su gwada maganar aro, ɗaya magatakarda, ɗaya mai unguwa da ya zo karɓar ganguna biyu yana sauri. Mako mai zuwa kowa ya zo da kalandar bana da ke nuna watannin Hijira da na Miladiyya tare, za mu nemo ranakun da suka yi karo.